Taron tsofaffin ɗaliban ABU a Birmingham, in je ko in haƙura?

Dan_ICSA ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Ni ABU Zariya na yi, Samaru, tsangayar aikin gona ɓangaren nazarin ƙasar noma, na gama 2012. Na shigo Ingila watan Satumba 2022 da bizar karatu, na yi mastas na gama, yanzu ina Bradford ina aiki a gidan kula da tsofaffi, yawanci aikin dare, su ne ma suka ɗauki nauyin bizata. Alhamdulillah ina ci ina sha ina aika wa gida, ban raina ba.

To satin da ya wuce wani abokina da muka zauna ɗaki ɗaya a hostal ɗin ICSA ya jefa ni wani gurup na WhatsApp na tsofaffin ɗaliban ABU mazauna nan, ashe taro suke shiryawa a Birmingham ƙarshen wata mai zuwa ranar Asabar, kowa fam 30 har da abinci, kuma wai za a yi maganar tara kuɗi a yi wa makaranta wani abu. Hoton ginin Sanet suka sa a jikin sanarwar, wallahi ina ganinsa gabana ya faɗi, ina zaune a kicin ɗin wurin aiki ƙarfe 3 na dare amma sanyin hunturun Samaru nake ji, lokacin da muke fitowa daga laburaren KIL idonmu jawur mu tsaya wajen mai shayi kowa ya rungume kofi da hannu biyu. Na buɗe fom ɗin rijista na sa suna, na sa shekara, na sa dipatmen, ina zuwa layin da aka ce a rubuta aikin da kake yi yanzu sai na rufe. Sau uku ke nan ina buɗewa ina rufewa. Don a gurup ɗin duk wanda ya gabatar da kansa za ka ji likita ne a NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin nan, ko injiniya, ko lakcara a wata jami'a, ni kuma in tashi in ce me.

Sannan akwai abin da ya fi wannan cin raina. Malamin da ya duba min furojet, wanda ya kai ni filin gwajin taki na DNPK da kansa ya nuna min yadda ake ɗibar samfurin ƙasa, shi ya rubuta min takardar shaida da na nemi mastas, cikin yajin aikin ASUU na 2022 ma ya rubuta, lokacin wata da watanni ba a ba su albashi ba, ko sisi bai karɓa ba, abin da ya ce kawai in na gama in wuce in yi PhD in dawo. Tun da na sauka Manchester sau ɗaya na kira shi. Na gama ban faɗa masa ba don kunyar ya tambaye ni me nake yi. Yanzu tsoro nake in je taron in haɗu da wanda ya san shi labari ya koma.

Tambayata: me ake yi a irin wannan taron tsakani da Allah? Zumunci ne ko nuna isa? Kuɗin da ake tarawa yana isa makarantar kuwa? In zumunci ne zan nemi wanda za mu yi musanyar aiki in hau mota in je, in kuwa ba haka ba gara in kwanta in rama barci.

Maman_Iman ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka je. Na faɗa maka tun daga farko don kar ka ce na yi ta kewaye-kewaye.

Ni Amina Hall na zauna, harhaɗa magunguna na karanta, zamanin da Janar Mamman Kontagora yake kantoman jami'a, lokacin asibitin koyarwa ma yana Tudun Wada ba a koma Shika ba, ka ga na girme ka nesa ba kusa ba. Na biyo maigidana Leicester a 2007 da digirina da shekaru kusan goma na aiki a asibitin gwamnati, na zo aka ce duk wannan bai isa in tsaya bayan kanta in ba da ko farasitamol ba sai na yi kwas ɗin OSPAP na masu harhaɗa magunguna da suka yi karatu a waje shekara guda, sannan shekarar horo, sannan jarrabawa. Kafin in tara kuɗin kwas ɗin shekara biyu da rabi na yi ina sharar ofisoshi da asuba, daga baya na koma irin aikinka, na yi wa tsofaffi wanka, na canza musu zanen gado, na ba su abinci a baki. Waɗancan likitocin da kake gani a gurup ka tambaye su me suke yi kafin su ci PLAB, jarrabawar da likitan waje yake yi kafin ya yi aiki a nan, da yawa gadi suka yi ko ɗaukar kaya a sito. Sun sani, ba su manta ba, wanda ya yi kamar ya manta kuma kowa ya san shi.

Kuma bari in ba ka labarin yadda na samu hanyar OSPAP ɗin. A irin wannan zaman ne, ba ma babban taro ba, falon wani ne a Coventry bayan babbar salla, mu wajen 20, ana cin waina da miyar taushe a faranti na takarda yara suna ta tsalle a kan kujeru. Wata baiwar Allah 'yar Benuwai, Kirista ce, ta tambaye ni a wane hostal na zauna, na ce Amina, ta ce wane bulo, muka yi ta lissafi ashe ta riga ni da shekara uku, ta ce me kike yi yanzu na sunkuyar da kai na faɗa mata. Ba ta ce komai ba ta ɗauko biro ta juya bayan takardar gayyata ta rubuta min matakan ɗaya bayan ɗaya, ta ce jami'ar Aston a Birmingham suna yi, ga watan da ake nema, ga takardun da zan aika gida a nemo min, ta sa lambarta a ƙasa. Littattafanta na jarrabawa ma ita ta kawo min har gida cikin jakar Tesco. Takardar nan tana cikin akwatina har yau.

Abin da ya sa nake son taron 'yan Samaru ke nan, za ka ga Bayarabe da Inyamuri da ɗan Tibi da ɗan Borno suna Hausa suna musu a kan wane mai tsire ya fi a bakin ƙofar Nos Get, don tun da Sardauna ya kafa ta a 1962 ta kowa ce. A layin aikin nan ka rubuta gaskiya, ka ƙara da cewa kana da mastas kana neman hanyar komawa fanninka. Wanda zai taimaka maka ta yaya zai sani in ka ɓoye?

Maganar malaminka kuwa, a nan kam ba ka kyauta ba ƙanena, ba zan ɓoye maka ba. Ka kira shi kafin taron, ba bayan taron ba.

Bakatsine77 ya rubuta:

Hajiya Allah ya saka da alheri amma ki bari shi ma ya ji ɗaya ɓangaren. Ni ba ABU na yi ba, wata jami'a ce ta daban ba sai na kira suna ba, kuma namu gurup ɗin abin da na gani ya sa na fita ban yi sallama ba. Da farko lafiya lau, ana gaisuwa ana turo tsofaffin hotuna, wane ya rasu a yi addu'a, matar wane ta haihu a yi barka. Da aka zo maganar zaɓen shugabanni sai aka rabu gida biyu, 'yan wannan jiha da 'yan waccan, mutanen da suka ci kwano ɗaya shekara huɗu. Aka yi dina a otal a Landan aka fitar da anko, aka gayyato wani babba daga gida aka biya masa jirgi da masauki, ya zo ya yi jawabi minti 40 ya karɓi lambar yabo ya koma, da aka yi lissafi abin da dinar ta ci ya ninka abin da aka ce za a aika makaranta. Wanda aka aika ɗin ma wai an sayi kwamfutoci, hoto ɗaya muka gani na kwalaye a jere, na tambayi rasit aka ce ina zargin mutane.

Kuma lokacin da nake neman takardar sakamakona ta dalla-dalla daga makarantar, wata bakwai ina bi har gurbin karatun ya kusa kuɓuce min, na yi magana a gurup ba wanda ya tanka, sai wani ƙanin abokina da yake can ne ya yi ta sintiri ofis-ofis ya karɓo. To me amfanin ƙungiyar?

Ban ce kar ka je ba Dan_ICSA, fam 30 da kuɗin mota ba za su talauta ka ba, ka je ka ga mutane ka ci tuwo. Amma in aka miƙo maka takardar alƙawarin gudummawa kar ka sa hannu a ranar don kunyar ido, ka ce sai ka yi shawara. Kai da kake tsayuwar awa 12 ka fi kowa sanin yadda fam ɗaya yake zuwa.

Akanta_Kongo ya rubuta:

Bakatsine abin da ka faɗa yana faruwa, ba mai musu, amma yana da magani kuma maganin ba wuya. Ni aikin lissafin kuɗi nake yi a nan, ga abin da zan ce Dan_ICSA ya tambaya in an zo maganar tara kuɗi, cikin ladabi ba da faɗa ba. Asusun da sunan ƙungiya yake ko da sunan mutum ɗaya, kuma mutum nawa ne suke sa hannu kafin kuɗi ya fita. In da sunan mutum ne komai kirkinsa kar ka zuba, ba don ɓarawo ba ne, mutum yana iya rasuwa ko banki ya rufe masa asusu don ganin kuɗi suna shigowa daga mutane barkatai. Sai kuma ko sun yi rijista da Charity Commission, hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, don a Ingila da Wales ƙungiyar agaji in kuɗin da take samu a shekara ya wuce fam 5,000 doka ta ce ta yi rijista, kuma kowa yana iya shiga intanet ya duba sunayen amintattunta da abin da ya shigo da abin da ya fita. Ga kuma riba, in an yi komai bisa ƙa'ida akwai tsarin Gift Aid, duk fam 1 da mai biyan haraji ya bayar gwamnati tana ƙara kwabo 25 a kai, wato fam 4,000 ya zama 5,000, mutanenmu da yawa suna asarar wannan don ƙyuyar cike takarda.

Ni abin da na ga yana aiki shi ne ƙaramin abu mai suna da adireshi. Mu 'yan ajinmu mu 14 muka biya wa ɗalibai shida 'yan ajin ƙarshe kuɗin rijista, kai tsaye muka biya ta Remita da lambar kowane ɗalibi, rasit ya fito kowa ya gani a wayarsa, ba dina ba anko ba jawabi. Da canjin da ake yi tun da aka saki naira a 2023 abin da kake kashewa a cefanen sati ɗaya a nan yana iya hana wani yaro ajiye karatu.

Malam_Samaru ya rubuta:

Ni ina gida, ina koyarwa, bari in faɗa muku yadda abin yake daga wannan gefen. Don Allah ku daina tara tsofaffin littattafan da laburaren can suka zubar kuna cika kwantena, kuɗin jirgin ruwa da na fito da kaya a Legas ya fi ƙarfin amfaninsu. Abin da yake ci wa jami'o'in gwamnati tuwo a ƙwarya yanzu wuta ce, tun watan Afrilu 2024 da aka mai da kuɗin wutar Band A, rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit kowa yake kuka, samfuri yana cikin firji wuta ta ɗauke aikin wata uku ya lalace. Sola da batir a ɗakin gwaji guda ɗaya ya fi mana lambar yabo goma.

Kuma ba komai ne kuɗi ba. Awa ɗaya a Zoom ka nuna wa 'yan ajin ƙarshe yadda ake rubuta takardar neman tallafin karatu na Chevening ko Commonwealth ko PTDF, ko ka karanta wa ɗalibin mastas babi ɗaya ka gyara, ko ka haɗa malami a nan da wani a can su rubuta bincike tare, wannan ba wanda zai ce an ci kuɗinsa. Dan_ICSA kai da ka yi aiki a filin DNPK ka san tun 1950 ake gwajin kashin shanu da takin zamani a wannan filin, kuma da na cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila aka yi koyi, wanda suke noma alkama a fili ɗaya tun 1843, ga ka a ƙasar da yake. Ko hoto ka je ka ɗauko ka yi wa yara bayani ka yi abin da da yawanmu masu koyar da shi ba mu samu yi ba.

Game da malaminka, a matsayina na wanda ya rubuta wa ɗalibai irin wannan takarda ba adadi, ba ma jin haushin wanda bai yi PhD ba, mun san rayuwa. Shirun ne yake da ciwo, ka yi ta tunani ko yaron nan yana raye, ko takardar ma ta yi amfani.

AbuHanifa_Riyad ya rubuta:

Salam. Ni ba a Ingila nake ba kuma ba ɗan ABU ba ne amma maganar ta taɓa ni. Jami'ar Afirka ta Duniya na yi a Khartum, na gama shekaru kafin yaƙi, yanzu ina aiki a Riyad. Da can in an ce tsofaffin ɗalibai za su haɗu ba na zuwa, ina cewa ai makaranta tana nan duk ran da na samu hutu zan je in gai da malamai in sha shayi wajen matan da suke sayarwa a gindin bishiya. Sai ga 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi, aka wayi gari da harbi, ƙannenmu da suke karatu a lokacin a motocin bas aka kwashe su zuwa iyakar Masar suka yi kwanaki a sahara kafin a bar su su shiga, wasu ta Port Sudan aka fitar da su. Malamanmu suka watse, wani Alƙahira, wani Jidda, wani har yau ba mu da labarinsa.

Ramadan da ya wuce muka haɗu a Makka mu 11 bayan tarawihi, 'yan Kano da Maraɗi da Kumasi da wani ɗan Chadi, a ɗakin otal muka shimfiɗa leda aka kawo ful da burodi irin na can, muka kira wani malaminmu na nahawu da yake gudun hijira a Masar ta bidiyo, dattijon da a aji ko murmushi ba ya yi, yana ganin fuskokinmu yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya har da garin kowa, ya kasa ƙarasawa ya kife wayar. Tun daga ranar kowane wata muna haɗa masa kuɗin haya. Ɗan'uwa taka makarantar tana tsaye, malaminka lambarsa tana cikin wayarka.

Dan_ICSA ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Anti Maman_Iman na karɓi faɗanki, gaskiya kika faɗa. Jiya bayan la'asar ta can na kira Malam, hannuna har rawa yake, ya ɗauka ina jin kukan awaki a bayansa ashe ya yi ritaya yana gonarsa ta hanyar Shika. Na fara ba da haƙuri ya katse ni ya ce ya iyali, ya sanyi, ka gama? Na ce na gama tun 2023. Ya yi shiru sannan ya ce alhamdulillah har sau uku. Na faɗa masa aikin da nake yi ban rage komai ba, ya ce shi mahaifiyarsa shekara shida tana kwance shi da ƙannensa suke juya ta, ya san aikin, Allah ya ba da lada. Sai ya ce to ka je Rothamsted kuwa? Malam_Samaru kamar kun haɗa baki. Na ce ban je ba, ya ce in na je in ɗauko masa hoton filin alkamar da na ɗakin da suke ajiye tsofaffin samfuran ƙasa a kwalabe, shekara 30 yana koyar da shi a allo bai taɓa gani ba. Na duba, a Harpenden yake kusa da Luton, zan rubuta musu in ji yadda ake kai ziyara.

Fom ɗin na cika na tura, na rubuta aikina yadda yake. Bakatsine da Akanta na kwafe tambayoyinku a waya, ba zan sa hannu a komai ba sai na ji amsa. Wata 'yar Zimbabuwe da muke aiki tare ta yarda ta karɓar min daren Juma'ar ni kuma in yi mata Lahadi. Saura mota, in akwai wanda zai taso daga Bradford ko Leeds da safiyar Asabar ɗin yana da wuri ɗaya don Allah ya yi min magana ta akwatin sirri, sai mu raba kuɗin mai.